Ɗan gado ko haye? Abin da waƙar Beyoncé ta tono a Nashville

Ranar 11 ga Fabrairun 2024, ana tsaka da wasan Super Bowl, daren da kusan duk Amurka ke zaune gaban talabijin, Beyoncé ta saki sababbin waƙoƙi biyu. Ɗaya daga ciki, "Texas Hold 'Em", wadda ta ci sunan wani wasan karta, da kaɗa banjo ta fara, ga fito, ga buga ƙafa, ga kiran a taso a taka rawa irin ta 'yan kaboyi. Bayan kwana biyu wani mai sauraro ya aika wa KYKC, wani ƙaramin gidan rediyo a jihar Oklahoma, saƙo cewa a saka masa ita. Amsar da ya samu ba ta da tsawo: su gidan kiɗan kantiri ne, wato kiɗan karkarar kudancin Amurka, ba sa saka Beyoncé. Ya ɗauki hoton amsar ya watsa a intanet, kafin ka ce kwabo masoyanta sun hana wayar gidan hutawa. Manajan ya fito ya ce shi bai ma san ta yi waƙar kantiri ba, ya ɗauka tsofaffin waƙoƙinta ake nufi. Suka nemo waƙar suka saka.

Mako na zagayowa mujallar Billboard ta sanar cewa waƙar ce ta ɗaya a jadawalinta na waƙoƙin kantiri, Hot Country Songs. Tun 1958 da aka kafa jadawalin a siffarsa ta yanzu, babu baƙar mace da ta taɓa hawa wannan matsayi sai ita. Ta yi mako goma a wurin, ta kuma hau saman babban jadawalin Hot 100 da na Birtaniya. Daga nan aka rabu gida biyu. Masoyanta suka ce shi ke nan, an karya katanga, tarihi ya gyaru. 'Yan gargajiyar kantiri suka ce wannan ai ba kiɗansu ba ne, attajirar mawaƙiyar zamani ce ta sayi hular kaboyi ta zo yawon buɗe ido.

Ni dai ban gamsu da ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba. Waƙar kantiri ce, kuma mai ita tana da haƙƙi a wannan kiɗa fiye da da yawa daga cikin masu korar ta. Amma hawanta na ɗaya bai nuna cewa wani abu ya sauya a Nashville ba, garin da ke jihar Tennessee inda kamfanoni da marubutan waƙa da masu faɗa a ji na wannan sana'a suke. Abin da ya nuna kawai shi ne Beyoncé tana da jama'ar da ba ta buƙatar izinin kowa.

Dalilina yana cikin yadda ake lissafin. Billboard jadawali biyu take da shi na kantiri, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Har zuwa 2012, Hot Country Songs yana ƙirga yawan saka waƙa a gidajen rediyon kantiri ne kaɗai. A watan Oktoban wannan shekara aka sauya tsari, aka shigo da ciniki da sauraro ta intanet da kuma sakawar duk wani gidan rediyo, ko na kantiri ne ko ba shi ba. Tun daga ranar, duk wanda yake da ɗimbin masoya a wajen kantiri zai iya hawa, muddin Billboard ta yarda ta kira waƙarsa kantiri. Shi ya sa wata waƙar Bebe Rexha, mawaƙiyar zamani daga New York, da ta yi da mawaƙan kantirin nan biyu, Florida Georgia Line, ta shafe mako 50 a sama tsakanin 2017 da 2018. Tsohon lissafin kuwa aka ware shi da sunan Country Airplay, kuma shi ne wanda mutanen Nashville ke duba kowace safiyar Litinin, don shi ke yanke wanda za a gayyata manyan bukukuwa, wanda zai buɗe wa wani babba wasa, wanda kamfani zai ci gaba da zuba wa kuɗi. A wannan jadawalin, waƙar da ta gagari duniya, wadda kamfaninta ya aika wa gidajen rediyon kantiri a hukumance, ba ta ko shiga talatin na farko ba.

To, ashe labarin KYKC ba shi ne labarin ba. Wancan mutumin aƙalla ya faɗi abin da ke ransa, aka yi masa ca, ya gyara. Manyan kamfanonin da suka mallaki ɗaruruwan tashoshi tun bayan dokar sadarwa ta 1996, irin su iHeartMedia da Cumulus da Audacy, ba su fito sun ƙi ta ba. An ɗan saka waƙar na wasu makonni, aka bar ta ta sulale. Ba ka da wanda za ka ɗauki hoton amsarsa.

Maganar "ba kiɗanmu ba ne" ita ce ta fi ba ni mamaki, don duk wanda ya ɗan leƙa tarihin kantiri ya san ba ta da ƙafar tsayawa. A fara da abin da kunne ke fara ji a waƙar. Wadda ta kaɗa banjon ita ce Rhiannon Giddens, baƙar fata daga North Carolina, wadda ta koyi tsohon kiɗan baƙaƙen karkara a wurin wani dattijo mai goge, Joe Thompson, kuma ta ɗauki shekaru tana nanata wa Amurkawa abin da suka manta: banjo kayan kiɗan bayi ne. Na farkon da aka gani a tsibiran Karibiyan a ƙarni na 17 duma ne aka yanke, aka ɗaure masa fata, aka soka masa sanda, aka ja tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi a hannunsa, wannan bayanin ba baƙo ba ne a wurinsa. Masana sun fi danganta shi da akonting na Jolawan Senegal da Gambiya da sauran 'yan'uwansa na Yammacin Afirka, dangin da molo da garaya da gurminmu suke ciki. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda shi kansa mai bayi ne, ya rubuta da hannunsa cewa daga Afirka bayi suka zo da shi. Fararen fata sun karɓe shi ne a shekarun 1830 da 1840, ta hannun masu wasan barkwanci da ke shafa baƙin gawayi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe don a yi dariya. Da haka banjo ya shiga gidajen Turawa, baƙaƙe kuma suka ja baya da shi saboda ya koma alamar izgili. (Giddens ɗin nan, in ba ku sani ba, ita ce ta ci kyautar Pulitzer a 2023 da wasan waƙe kan Omar ibn Said, malamin nan Musulmi ɗan Futa Toro da aka sayar a Amurka, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831.)

Rabuwar kiɗan kudu zuwa na farare da na baƙaƙe ma ba makaɗa ne suka yi ta ba, 'yan kasuwa ne. A shekarun 1920, lokacin da kamfanonin faifan garmaho suka gane cewa talakawan kudu za su sayi kiɗansu, sai suka buɗe kundin talla biyu. Abin da baƙi ya rera aka sa masa suna "race records", wato faifan launin fata, aka kai unguwannin baƙaƙe. Abin da fari ya rera aka kira shi "hillbilly", kiɗan 'yan kan tudu. Mutum ɗaya, Ralph Peer, yana da hannu a duka biyun, kuma shi ne ya je garin Bristol a 1927 ya ɗauki muryar Jimmie Rodgers da iyalin Carter, taron da ake kira haihuwar kantiri. Makaɗan kuwa a gona ɗaya da layin dogo ɗaya suke aiki, waƙoƙin juna suke rerawa. A. P. Carter yana yawon ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi ne tare da wani baƙi mai ƙafa ɗaya, Lesley Riddle: Carter ya rubuta baitoci, Riddle ya haddace karin. Hank Williams, wanda 'yan kantiri ke ɗauka kamar uba, a titunan Alabama ya koyi jita wurin wani baƙin makaɗi, Rufus Payne. Jimmie Rodgers ya yi faifai da Louis Armstrong a 1930. A 1949 Billboard ta sauya sunayen biyu zuwa masu daɗin ji, amma layin da aka ja yana nan.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne DeFord Bailey. Ɗan ƙaramin mutum ne, shan inna ta taɓa shi yana yaro, yana busa harmonika yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa har ka rantse ga shi nan tafe. Yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry, shirin rediyon Nashville da aka fara a 1925, wanda har yau shi ne fadar kantiri. Ya yi yawon wasa da fararen abokan aikinsa a zamanin da ba zai iya cin abinci a teburi ɗaya da su ba, ba zai kwana a otal ɗinsu ba. A 1941 aka sallame shi. Sauran rayuwarsa mafi yawa ya yi ta ne yana goge takalma a wani shago a garin da ya taimaka ya yi suna. Ya rasu a 1982, sai a 2005 aka sa sunansa a zauren girmamawa na kantiri.

Mu Hausawa mun san rigimar ɗan gado da haye a harkar kiɗa da sauran sana'o'i, mun kuma san cewa Mamman Shata, wanda bai gaji kalangu ba, bai bar wa 'yan gado komai ba. Abin da ya sa na Nashville ya fi ciwo shi ne, a can jikokin masu gadon ne aka wayi gari ana kira haye, ana tambayar su wa ya gayyace su. Beyoncé haifaffiyar Houston ce a Texas, mahaifinta ɗan Alabama, dangin mahaifiyarta daga Louisiana. Ta tashi tana zuwa bikin kaboyi na garinsu, a jihar da masana tarihi ke ƙiyasin cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan shanun da ake kira kaboyi baƙaƙe ne. In asali ake nema, ga shi.

In kuma sauti ake nufi, a saurari abin da rediyon kantiri ke sakawa tun wajen 2012. Gangar kwamfuta ce, da salon rap, da maza farare masu waƙar mota da giya da 'yammata a kan kiɗan da ba shi da maraba da rap ɗin baƙaƙen birnin Atlanta. Ba wanda ya cire su daga jadawali. Amma a watan Maris na 2019, da wani yaro baƙi, Lil Nas X, ya ɗora muryarsa a kan kiɗan da ya saya dala 30 a intanet, mai banjo a ciki, "Old Town Road" ta fara hawa jadawalin kantiri, sai Billboard ta zare ta da hujjar cewa ba ta ƙunshi isassun siffofin kantirin yau ba. Waƙar ta je ta yi mako 19 a saman Hot 100, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin. Tun 1962 ake wannan wasa, lokacin da Ray Charles ya yi kundin waƙoƙin kantiri da ya sayu kamar me, gidajen rediyon kantiri suka kau da kai.

Duk da haka akwai wata magana ta ɗaya ɓangaren da ba zan yi watsi da ita ba, don tana da nauyi. Da CMA, ƙungiyar masu sana'ar kiɗan kantiri, wadda kyaututtukanta su ne mafi daraja a idon Nashville, ta fitar da sunayen 'yan takara a watan Satumban 2024, kundin Beyoncé da waƙar ke ciki, Cowboy Carter, bai samu ko gurbi ɗaya ba. Luke Bryan, ɗaya daga manyan mawaƙan kantiri kuma mai gabatar da bikin a shekarar, ya ce kowa ya ji daɗin kundin, amma in za ka yi kantiri to ka shigo cikinmu, ka zo biki, ka gaisa da mutane, ka zama ɗan gida. Dolly Parton, wadda muryarta ke cikin kundin, ita ma ta ce ba ta jin da gangan aka yi. Kuma gaskiya ne Nashville gari ne na zumunci da sanayya. Sabon mawaƙi yakan shafe watanni a mota yana bin tashoshin rediyo ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ɗakin taro da jitarsa ya rera wa mutum biyar waƙa suna cin abinci, ya riƙe sunan matar manaja da na 'ya'yansa. Masu zaɓen CMA su ne waɗannan mutanen, kuma wanda suka sani suke zaɓa. Beyoncé ba ta yi ko ɗaya ba. Ba ta bi tashoshi ba, ba ta cika yin hira da 'yan jarida ba, kuma da bakinta ta ce wannan ba kundin kantiri ba ne, kundin Beyoncé ne. Post Malone, wanda shi ma daga rap ya tsallako a shekarar, ya riƙa zuwa Nashville, ya yi waƙa da kusan duk wani babba a garin, ya hau dandamalin Opry, ya samu gurbi huɗu a CMA, waƙarsa da Morgan Wallen ta hau saman rediyo cikin 'yan makonni. Masu wannan ra'ayi suna cewa ga bambancin nan, ba launin fata ba ne, ladabi ne.

Na yarda da rabin maganar. Sauran rabin yana rushewa da zarar ka tambaya: su waɗanda suka yi ladabin fa?

Ita kanta Beyoncé ta taɓa zuwa gaisuwar. A watan Nuwamban 2016, a bikin cikar CMA shekara hamsin, ta hau dandamali tare da Dixie Chicks, wasu mata uku farare masu waƙar kantiri. Abin da ya biyo baya a shafukan sada zumunta zagi ne na wariyar launin fata tsagwaronsa, kuma daga baya ta ce daga wani wuri da aka nuna mata ba a maraba da ita ne tunanin Cowboy Carter ya samo asali. Amma a bar ta, ita ba ta rasa komai ba. A ɗauki Mickey Guyton. 'Yar Texas ce ita ma, muryarta kantiri ce tsantsa, ta koma Nashville, babban kamfani ya ɗauke ta a 2011, ta bi tashoshin nan, ta gaisa da kowa. Shekara goma ta yi kafin a bar ta ta fitar da cikakken kundi na farko, a 2021. Ta zama baƙar mace ta farko da aka sa takarar Grammy ita kaɗai a rukunin kantiri, ta rera taken Amurka a Super Bowl na 2022, amma waƙarta da ta fi tashi a rediyo ita ma a wajen talatin na farko ta tsaya. Kafin ita akwai Linda Martell, baƙar mace ta farko da ta rera waƙa a Opry, a 1969. Waƙarta ta kai ta 22 a jadawali. Sunan kamfanin da ya ɗauke ta Plantation Records, wato sunan irin gandun da kakanninta suka yi bauta. Kundi ɗaya ta yi, aka juya mata baya, ta koma South Carolina, har tuƙin motar 'yan makaranta ta yi.

Jada Watson, wata mai bincike a Jami'ar Ottawa ta Kanada, ta bi diddigin abin da gidajen rediyon kantiri suka saka daga 2002 zuwa 2020. Kason baƙaƙen mata bai ko kusanci kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ba ya faruwa don duk sun ƙi zuwa biki.

A nan dole a faɗi wani abu da masoyan Beyoncé ba sa son ji, wato launin fata kaɗai bai bayyana komai ba. Wanda ya sauke ta daga saman Hot Country Songs baƙi ne, Shaboozey, wanda ya fito a waƙoƙi biyu na kundinta. Sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, an haife shi a Virginia, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ma yi wani ɓangare na karatunsa a makarantar kwana a Najeriya. Duk wanda ya tuna yadda kaset ɗin Don Williams da Kenny Rogers da Jim Reeves suka cika shaguna da motocin haya a ƙasar nan ba zai yi mamakin ɗan Ibo ya tashi da kantiri a kunnensa ba. Waƙarsa, "A Bar Song (Tipsy)", ta yi mako 19 a saman Hot 100, kuma ita rediyon kantiri ya rungume ta har ta kai ta ɗaya. Ga Darius Rucker, ga Kane Brown, su ma baƙaƙe ne da rediyon ya karɓa. Namiji baƙi yana iya wucewa, ko da yake ɗaya-ɗaya ne. Charley Pride ya wuce tun a shekarun 1960, bayan kamfanin RCA ya aika faifansa na farko gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. Ana ba da labarin wani wasa a Detroit a 1966: aka kira sunansa, dubban mutane suka ɓarke da tafi, yana fitowa fili tafin ya mutu. Sai da ya yi musu barkwanci kan launin fatarsa sannan suka saki jiki. Ya yi waƙoƙi kusan talatin da suka kai na ɗaya. Bayan na ƙarshensa a 1983, sai da aka shekara 25 kafin wani baƙi ya sake yin haka shi kaɗai. Shaboozey kuwa, duk da abin da ya yi a 2024, hannu rabbana ya bar bikin CMA, bayan an yi ta wasa da sunansa a kan dandamali.

Matsalar mace daban take, ko da fara ce. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya faɗi a fili abin da ake yi a ɓoye: in kana son masu sauraro, ka rage mata, kar ka saka biyu a jere, domin maza su ne ganyen salak, mata tumatir ne da ake ɗan yaryaɗawa a kai. Aka yi ta surutu, tsarin bai sauya sosai ba. To wadda ta haɗa biyun, mace kuma baƙa, sai ta tarar ƙofa biyu ne a gabanta. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne "Fast Car". Tracy Chapman, baƙar mace, ita ta rubuta ta, ta rera a 1988. A 2023 Luke Combs, fari, ya sake rera ta, ta hau saman rediyon kantiri, Chapman ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, baƙar fata ta farko da ta taɓa ci. Combs ya girmama ta matuƙa, ita ma ta yi farin ciki, kuma kuɗi sun shiga aljihunta. Sai dai tambayar tana nan: da wata yarinya baƙa ce ta kawo wa tashoshin nan waƙar da muryarta, da sun saka?

Kuma kar a ce rediyon kantiri yana bin son masu sauraro ne kawai, ba shi da ra'ayi. Yana da shi, kuma ya san wanda yake yafe wa. A 2003 mawaƙiyar Dixie Chicks ta faɗa a Landan cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ɗan jiharsu ne, ana gab da yaƙin Iraƙi. Suna kan ganiyarsu a lokacin, amma tashoshi suka daina saka su, ba su sake komawa yadda suke a rediyo ba. A watan Fabrairun 2021 aka ga bidiyon Morgan Wallen yana furta kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙe. An dakatar da shi na ɗan lokaci, cinikinsa ya ƙaru, ya nemi afuwa, ya dawo. A bikin CMA na 2024, wanda ba a ga sunan Beyoncé ba, shi aka ba kyautar gwarzon shekara. Ban ce kar a yafe wa wanda ya tuba ba. Ina cewa ne masu iya yafe wannan ba za su gaya mini rashin zuwa gaisuwa ne laifin da ba ya yafuwa ba.

Grammy ta yi nata hukuncin daban. Ranar 2 ga Fabrairun 2025 Cowboy Carter ya ci kundin kantiri mafi kyau, karo na farko ga baƙar fata, ya kuma ci kundin shekara, kyautar da ta sha kuɓuce wa Beyoncé. Ta sadaukar da ita ga Linda Martell, wadda ta haura shekara tamanin, wadda kuma muryarta ke cikin kundin. Abu ne mai kyau, kuma na ji daɗinsa. Amma masu zaɓen Grammy sun fito daga kowane irin kiɗa ne, ba su ke riƙe da tashar rediyo a Tulsa ko Knoxville ba. Bayan wata huɗu hukumar Grammy ta raba kyautar gida biyu, ta kantirin gargajiya da ta kantirin zamani. An ce 'yan gargajiya sun daɗe suna roƙon haka, kuma akwai irin wannan rabo a wasu rukunan, saboda haka ba zan rantse cewa don ita aka yi ba. Lokacin da aka zaɓa ne dai ya sa mutane ɗaga gira, a sana'ar da ta fara da kundin talla biyu.

Inda nake ganin Beyoncé ta yi abin a yaba ba a hawa jadawali ba ne, don wannan ko waƙar yara ta yi za ta hau. Ta ɗauko Tanner Adell da Brittney Spencer da Tiera Kennedy da Reyna Roberts, 'yammata baƙaƙe huɗu da suke Nashville suna fafutuka, ta sa su a waƙa ɗaya, duniya ta ji sunayensu, masu sauraronsu a intanet suka ƙaru. Su ne suke zuwa bikin, su ne suke bin tashoshin, su ne suka yi duk abin da Luke Bryan ya ce a yi. Beyoncé ta gama zagayen wasanninta na Cowboy Carter a 2025, ta cika filayen ƙwallo, kuma za ta wuce zuwa wani salon kamar yadda ta saba. Su huɗun nan ba su da wani wurin zuwa, kantiri ce sana'arsu, kuma shekarar da aka yi ta shelar an karya katanga ta ƙare ba tare da ɗayarsu ta shiga goman farko a rediyon kantiri ba.